Ba Kowane Dafi Wuta Ke Kashewa Ba

Duk shekara, idan ruwa ya janye daga fadamun Haɗeja, aka dukufa yankan shinkafa da kamun kifi, ba a rasa masu ciwon ciki a ƙauyuka, tun daga Auyo har Guri da Kiri Kasamma. Yawancin mutane suna ɗauka ɓacin ciki duk ɗaya ne, sun kuma yarda cewa abin da ya hau wuta ya tsira. Duka biyu kuskure ne, kuskuren kuwa yana cin rai. Ƙwayoyin cuta suna yin ɓarnarsu ne da dafin da suke fitarwa, dafin nan kuwa iri iri ne. Ga uku da ya kamata kowane manomi ya sani.

Na farko shi ne wanda ya riga ya taru cikin abinci tun kafin a ci. Akwai wata ƙwaya da ke zaune a ƙasa, tana bin shinkafa har tukunya. Tana da kwanso mai tauri, dahuwa ba ta kashe ta. Idan aka kai shinkafa gona da safe, ta wuni cikin kwano a rana, sai ƙwayar ta hayayyafa ta zuba dafinta. Wata kuma tana zama a hanci da gyambo da ƙurjin hannu, daga nan ta faɗa cikin fura ko nono ko nama. Dafin waɗannan biyu ba ya jin wuta. Ko an ɗumama abincin har ya yi tururi, ƙwayar ce za ta mutu, dafin yana nan. Wanda ya ci ya kan kama amai cikin sa'a 1 zuwa 6, amma galibi kwana ɗaya ya miƙe. Watau wannan ya fi gaggawa, amma shi ne mai sauƙi.

Na biyu shi ne na kwalara. Ita ƙwayar ce ake haɗiya da rai, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, sai ta isa hanji sa'an nan ta yi dafinta. Wani likitan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da haka a Kalkata cikin 1959. Dafin yana sa hanji ya yi ta tsiyayar da ruwan jiki, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, har babban mutum ya zubar da kusan lita guda cikin sa'a guda. Ƙato da ya fita gona da safe yana iya cikawa kafin wata safiya. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Amma ita wannan ƙwaya tafasa ruwa yana kashe ta sarai.

Na uku ya fi su saɗaɗe. Ƙwayarsa tana zama cikin hanjin shanu ba ta cuce su ba, ta fito cikin kashinsu. Shanu kuwa fadama suke kiwo da rani, inda ake ɗiban ruwan sha da na ban ruwan latas da tumatir. Madarar da ba a tafasa ba, da naman da bai gasu ba, su ma hanyarta ne. Sai an kwana uku ko huɗu ciwon zai fito, zawo da jini kamar atuni. Dafin yana ratsawa cikin jini, ya kan lalata ƙodar ƙananan yara.

To, tun da dafi ya bambanta, dabara ma sai ta bambanta. Abincin gona a dafa daidai ci, in da hali a can bakin gona, kada ya wuce sa'a biyu a ajiye. Mai ƙurji a hannu kada ta dama fura. Ruwan kogi da na kududdufi a tafasa, balle bayan ambaliya irin ta 2022, sa'ad da masai da rijiya suka zama ɗaya. Mai zawo a ɗura masa ruwan gishiri da sukari tun da wuri: cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa. In zawon fari ne, ko da jini, ko yaro ya daina fitsari, sai asibiti nan da nan, ba kafson 'yan talla ba, gama maganin tsai da zawo yana iya ƙara tsananta mai jinin.

Waɗansu za su ce ai kaka da kakanni da ɗumame suka girma. Gaskiya ne, ba a kuwa ce a daina ba. Amma tuwon da ya kwana a rufe cikin sanyin hunturu daban yake da shinkafar da ta wuni a ranar bazara. Zubar da kwano ɗaya ya fi arha bisa kwana uku a kwance, shinkafa tana zuba a gona. Rigakafi ya fi magani.