Gadon da Koci Yake Bari

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba idan wani babba ya sauka daga muƙami sai mu ƙidaya abin da ya tafi da shi na yabo, ba kasafai muke leƙa rumbun mu ga abin da ya rage wa na baya ba. Wannan ɗabi'a ce muka ga ya kamata mu duba, kuma misalin da muka zaɓa daga nesa yake, wato daga filayen wasa na jami'o'in Amurka, inda ake irin ƙwallon nan da ake runguma a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano. A can mai horar da 'yan wasa, wato koci, yakan fi shugaban jami'ar kansa albashi da suna, saboda haka saukarsa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ra'ayinmu shi ne, ba a yi wa magaji adalci sai an fara tambayar me ya tarar.

Mu fara da gadon bashi. Pete Carroll ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kudancin Kalifoniya daga 2001 zuwa 2009, ya mai da ita abar tsoro a ƙasar baki ɗaya. A watan Janairu na 2010 ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Seattle. Watanni biyar bayan haka hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta yanke hukunci a kan kyaututtukan da ɗan wasa Reggie Bush da iyayensa suka karɓa daga masu neman zama dillalansa, abin da doka ta hana a lokacin. Aka haramta wa jami'ar wasannin ƙarshen shekara har shekara 2, aka kuma zaftare mata sikolashif 30 cikin shekara 3. Carroll dai ya ce bai san da maganar ba, kuma ba ita ta sa shi tafiya ba. To, mun ji. Amma wa ya biya? Lane Kiffin ne ya gaje shi, ya yi ta fama da ƙungiya mai ƙarancin 'yan wasa, har aka sallame shi a filin jirgin sama da asubahi a watan Satumba na 2013, yana dawowa daga wasan da ya sha kashi. Ba mu ce Kiffin waliyyi ba ne, don shi ma ya yi aiki ƙarƙashin Carroll a waɗancan shekaru. Waɗanda suke ba mu tausayi su ne yaran da suka shigo a 2010, waɗanda yawancinsu ba su wuce shekara 14 ba sa'ad da Bush ya bar fili a ƙarshen kakar 2005. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Duk ɗalibin da ya taɓa jiran a kafe sunayen masu sikolashif ya san abin da gurbi 30 yake nufi.

Akwai kuma gadon inuwa, wanda a ganinmu ya fi na bashi wuyar sha'ani, domin shi ba a rubuce yake ba balle a san ranar ƙarewarsa. Tom Osborne ya yi shekara 25 a Nebraska, ya ci wasa 255, bai taɓa gama shekara da ƙasa da nasara 9 ba, ya kuma ɗauki kambin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Da zai sauka sai ya miƙa wa mataimakinsa Frank Solich gida a gyare. Solich ya ci wasa 58, aka ci shi 19 cikin shekara 6, ya kai ƙungiyar wasan neman kambi a Janairun 2002, amma duk da haka aka kore shi a 2003 bayan ya ci 9 daga cikin 12. Laifinsa ɗaya ne: shi ba Osborne ba ne. Abin dariya kuwa, kofin shiyya da ya ɗauko a 1999 shi ne Nebraska ta shafe fiye da shekara 20 tana neman irinsa ba ta samu ba. Nan kam ba za mu ga laifin wanda ya tafi ba. Magoya baya da mahukuntan jami'a ne suka mai da alheri ya zama sanda.

Wani zai ce ai gadon gida alala ga raggo, jarumi ko me ya tarar zai gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai dubi Jami'ar Jihar Ohayo. Urban Meyer ya ci wasa 83 aka ci shi 9 kacal, kuma ba da tufa fari tas ya fita ba, don an dakatar da shi wasa 3 a farkon kakar 2018. Ryan Day ne ya riƙe ƙungiyar a wasannin nan uku, ya cinye su duka, ashe gwajin gado ne ake yi ba a sani ba. Da Meyer ya sauka, Day ya tarar da ma'aikata da tsari da 'yan wasa a wuri ɗaya, kuma ya san kowa. Ya ɗauki kambi a Janairun 2025. Jarumtarsa ba ma musunta, amma da shi aka ajiye a kujerar Kiffin, da wani labarin muke ba ku. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta mu sun fi kowa sanin bambancin ofishin da aka bar wa takardar miƙa aiki da wanda aka bar wa makulli kawai.

Na baya-bayan nan shi ne ya fi ɗaure mana kai. Nick Saban ya bar Alabama a Janairun 2024 da kambi 6 a wannan jami'a, babu tara, babu haramci, rumbu a cike. Amma dokar lokacin ta ba 'yan wasa kwana 30 su sauya jami'a idan kocinsu ya tafi, sai ga gado ya yi ƙafa yana tafiya da kansa. Caleb Downs, ɗaya daga cikin zaratan masu tsaron baya, ya tattara ya nufi Ohayo, kuma da shi Day ya ɗauki kambin nan. Kalen DeBoer da ya gaji Saban ya gama kakar 2024 da nasara 9 da faɗuwa 4, karo na farko tun 2007 da Alabama ta kasa kai 10, kuma tun kafin shekarar ta ƙare wasu suka fara yi masa irin kallon da aka yi wa Solich.