Ka Daina Sayen Ƙafafun Taragon Jirgin Wasa Da Ido, Ka Auna Tukuna

Kullum a bidiyon masu harkar ƙananan jiragen ƙasa magana ɗaya ce: "Cire ƙafafun roba, sa na ƙarfe, matsalarka ta ƙare." Kai kuma ka buɗe waya, hoto ya burge ka, ka yi oda. Kaya su iso bayan makonni, tarago ya ci gaba da gocewa daga dogo. Wannan shawarar rabin gaskiya ce, kuma aljihunka ne ke biyan ragowar.

Eh, ƙafar ƙarfe ba ta tara datti kamar ta roba, kuma tana ƙara nauyi daga ƙasa. Amma ƙarfe ba ya gyara awon da bai dace ba.

Fara da sandar da ke haɗa ƙafa biyu. Tsawonta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ta yi tsawo sai ta cije a cikin bogi, wato firam ɗin da ke riƙe ƙafafun. In ta gajarta sai ta riƙa lilo. Ciro tsohuwar ka auna ta da kalifa kafin ka biya ko sisi.

Sai girman ƙafa. A sikelin HO, wato 1:87 mai dogo milimita 16.5, yawancin taragon kaya na Amurka mai tan 70 ƙafar inci 33 yake ɗauka, mai tan 100 kuwa inci 36. Ka musanya su, tsayin ƙugiyar haɗi ya sauya da kusan rabin milimita. Ƙarami ne a ido, amma ya isa ya sa tarago ya kwance a kan hawa.

Kada kyau ya yaudare ka. Siririyar ƙafa mai lamba 88 ta fi kama da ta gaske, amma mai lamba 110 ta fi haƙuri da mararrabar dogo mai faɗin giɓi. Nemi wadda ta bi tsarin RP-25 na ƙungiyar NMRA, ka gwada tazararta da ma'aunin ƙungiyar.

Ga wanda ake yawan mantawa: dogon nan wuta ce a jikinsa. Dole sandar ta kasance da abin raba wuta aƙalla a gefe ɗaya. In bogin na ƙarfe ne, ka jera ɓangaren rabawar duk gefe guda, in ba haka ba wuta ta haɗu, jirgi ya tsaya cak.

Wani lokacin ma ƙafa ba ta da laifi, nauyi ne ya gaza. Shawarar NMRA a HO ita ce oza 1, da ƙarin rabin oza kan kowane inci na tsawon tarago. Mai inci 6 ke nan oza 4, kusan giram 113. Sannan ka ɗaure sukurun bogi ɗaya daidai yadda zai juya kawai, ɗayan ka sassauta masa ya riƙa rangaji.

Malam, sayi fakiti ɗaya, gwada a tarago ɗaya. In ya zagaya dogo lafiya gaba da baya, sai ka sayi na sauran.