Kaɗaitakar Shankara Ba Tauhidi Ba Ce

Muna jan hankalin 'yan'uwa a kan wata magana da wasu masu ilimin zamani suke yayatawa, wai malaman Hindu ma tauhidi suke karantarwa, gumaka na jahilansu ne kawai. Hujjarsu ita ce mazhabar Adwaita, wato "babu biyu", wadda Shankara, mutumin Kerala ta kudancin Indiya, ya shimfiɗa wajejen ƙarni na 8 miladiyya.

Ba za mu yi wa mutumin ƙage ba. A wurinsa samamme na haƙiƙa ɗaya ne tak, shi ne Barahman, kuma ran ɗan Adam shi ne Barahman ɗin. Duniya kuwa tamkar macijin da mutum yake hanga ne da almuru, alhali igiya ce a yashe. Da an haska fitila sai maciji ya ɓace. Tsira a wurinsa ita ce mutum ya gane haka.

To, ina tauhidi a nan? Tauhidin da Annabawa suka zo da shi yana tabbatar da Mahalicci daban, halitta daban, sannan ya keɓe bauta ga Mahalicci. Idan bawa shi ne Ubangiji, wa yake sujada, kuma ga wa? Wa za a yi wa hisabi? Shankara bai ma hana bautar alloli ba, matakin masu farawa ya ɗauke ta. Hatta cikin Hindu, Ramanuja ya yi masa raddi, daga baya Madhwa a ƙarni na 13 ya dage cewa rai daban, abin bauta daban.

Wannan shubuha ta taɓa shiga gidan sarautar Musulmi. A 1657 Yarima Dara Shiko, ɗan Sarki Shah Jahan, ya sa aka juya littattafan Upanishad zuwa Farisanci, har ya riya cewa su ne ɓoyayyen littafin da Suratul Waƙi'a ta ambata. Subhanallah! Ƙofar da ya bi ita ce aƙidar wahdatul wujud, wadda Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya daɗe da warwarewa. Kai, Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya ne, amma a cikin Indiyar ya tsaya a kan cewa abin da mai zikiri yake ji a zuciyarsa ba ya mayar da halitta Mahalicci.