Fatar Gida, Yankan Baƙo: Dalilin Da Ya Sa Rigar Matuƙa Jirgi Ke Ƙin Wasu Jikuna

Idan hunturu ya kankama a yammacin Zamfara, daga Disamba zuwa Fabrairu, mai sammako zuwa tashar Adabka a ƙaramar hukumar Bukkuyum zai tarar da 'yan kabu-kabu sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna jiran fasinjan Gummi ko Anka. Daga cikin rigunan akwai wadda ta fi sauran farin jini: gajeriyar jaket ta fata, mai zif a gaba da aljihu biyu, da saƙaƙƙen ulu a ƙugu da bakin hannu. Mafi yawansu daga dilar gwanjo suka fito, wasu ma ba fata ba ce, roba ce mai kamar fata. Abin lura shi ne yadda riga iri ɗaya take zama daban a jikin mutane. Dogon saurayi siriri ya miƙa hannu ya kama kan babur, hannun rigar ya janye ya bar wuyan hannunsa a iska, gindinta ya ɗage ya buɗe masa baya. Magidanci mai tumbi ya ja zif ya tsaya a rabi. Na uku, matsakaici mai faɗin ƙirji, ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka. Sau da yawa lambar da ke wuyan rigunan ukun ɗaya ce.

An saba ɗora laifin wannan a kan lamba, a ce mutum bai dace da sayis ɗinsa ba. Amma lambar awo ɗaya kawai take faɗa, wato zagayen ƙirji. Sauran duka, tsawon baya, faɗin kafaɗa, zurfin hammata, karkatar hannu, suna cikin yankan ne, cikin takardun da tela ke ɗorawa a kan fata ya bi gefensu da wuƙa. Waɗannan takardu kuwa suna da tarihi, kuma akwai jikin da aka yi su dominsa.

Asalin rigar ita ce wadda sashen jiragen sama na sojan Amurka ya amince da ita a 1931 da sunan A-2. Da fatar doki aka fara yin ta, daga baya da buƙata ta yi yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka haɗa da fatar akuya. An yi ta gajere ne da gangan, don mutumin da zai wuni a zaune cikin ƙunƙuntaccen mazaunin jirgi kada rigar ta tattare masa a cinya. An matse hammatarta sama, an hana ta aljihun ɗumama hannu. Mai sa ta saurayi ne da likitan soja ya tantance, wanda wandonsa ke ɗaure a saman cibiya kamar yadda ake yayi a lokacin. Matsakaicin sojan Amurka na wancan yaƙi tsawonsa kimanin ƙafa 5 da inci 8 ne, nauyinsa wajen kilo 65. Wandon yau ya sauko ƙasa da cibiya, rigar kuwa tana nan inda aka bar ta, shi ya sa ake ganin rata tsakaninsu ko a jikin Ba'amurken kansa.

Ko a wancan zamani ma ba yanka ɗaya ba ne. Gwamnati ta ba da ƙa'ida guda, amma kamfanoni da yawa ne suka karɓi kwangilar, irin su Rough Wear na Fensilbaniya, da J. A. Dubow na Shikago, da Aero Leather na jihar Niyok, kowanne kuma ya fassara ƙa'idar da hannun mayankansa. Wani ya saki jiki, wani ya matse ƙugu, wani ya faɗaɗa kafaɗa. Masu kwaikwayon waɗannan riguna a yau, kamar Eastman Leather a Ingila da The Real McCoy's a Japan, sukan nemo tsohuwar riga ta wata kwangila su kwafe ta ɗinki bayan ɗinki, har da irin zif da launin zare, su sayar da guda a kan abin da ya haura dala dubu ɗaya. Masu saye da suka san kan abin ba sa tambayar lamba kaɗai. Sukan tambayi yankan wace kwangila ce, domin sun san lamba 42 ta wannan gida ba ita ce 42 ta wancan ba.

Sojan ruwan Amurka ya bi wata hanya dabam da rigarsa, wadda aka sani da G-1, wadda fim ɗin Top Gun na 1986 ya ƙara wa suna. Ita da fatar akuya aka san ta. An yi mata ninki biyu a baya, kusa da kowace kafaɗa, waɗanda ke buɗewa idan an miƙa hannu gaba su koma idan an sauke. An ƙara ɗan yanki a ƙarƙashin hammata, an ɗaura rabin ɗamara a baya. Saboda haka mai faɗin kafaɗa da mai aikin da ke sa hannuwa gaba sun fi sakewa a cikinta. A-2 kuwa bayanta falle ɗaya ne, babu ninki, ba ta da inda za ta ba da kai.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga Zamfara fiye da yadda ake zato. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ita ce akuyar gida a wannan yanki, kuma fatarta na cikin waɗanda duniya ta fi daraja saboda ƙarfi da laushi da kyan ido. Ita ce ayarin fatake ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don daga can take isa gare su. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta game da jemammun fatu da takalman da ake fitarwa daga birnin. Majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Sai dai akuyar ƙarama ce. Fatarta ba ta da faɗin da za a fitar da bayan A-2 falle ɗaya na ƙaton mutum ba tare da an shiga gefen ciki ba, inda fata ke da taushi da miƙewa. Yankan G-1, da yake dama a gutsuttsure bayansa yake, ya fi dacewa da ita. Badukun da ya ɗauki yankan A-2 don shi ya fi suna, to ya zaɓi wanda zai fi cinye masa fata ya kuma fi takura wa mai babur.

A nan ne ra'ayin da ake yawan ji a tarukan bunƙasa sana'ar fata ke da giɓi. Ana cewa Nijeriya na fitar da fata rabin-jima daga masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano zuwa Italiya da Sifen, a can a mayar da ita jaka da takalmi da riga, riba ta zauna a can, don haka a sayo kekuna a koya wa matasa ɗinki. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Amma keke ba ya yanka. Abin da ke raba rigar dala dubu da rigar da za a rataye a kasuwa ta yi ƙura shi ne ilimin fitar da yanka daga awo, da na faɗaɗa shi ko rage shi daga lamba zuwa lamba ba tare da siffar ta lalace ba. Hanyar da ƙaramin mai sana'a ke bi yanzu ita ce ya sayi jaket a gwanjo, ya farke ta, ya shimfiɗa gutsattsarin a kan kwali ya zana. Abin da ya kwafa shi ne jikin wani baƙo, haɗe da miƙewar da rigar ta yi a jikin wanda ya sa ta shekara goma. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Ba a ga laifin telan ƙasar Hausa ba a kan wannan, domin al'adar ɗinkin da ya gada ta ginu ne a kan wata hikima dabam. Babbar riga daga miƙaƙƙun ƙyallaye ake haɗa ta, yalwarta ce adonta, kuma riga ɗaya na iya yi wa uba da ɗansa. Kaftani ma awo kaɗan yake buƙata: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, faɗin jiki. In ya ɗan yi yawa ba wanda zai lura, in ya matse a buɗe ɗinki a saki. Tufa ce da ta san jiki na canzawa, ta bar masa wuri, kuma a ƙasa mai zafi wannan shi ne daidai. Fata ba ta da wannan haƙuri. Duk inda allura ta shiga ta bar huda har abada, ba a farkewa a sake. Ana iya rage jaket ɗin fata da wahala, amma ba a ƙara ta. Tun ran gini tun ran zane.

Jikunan da za su sa rigar a wannan yanki kuma ba iri ɗaya ba ne. Dogon makiyayi siriri, mai dogon hannu da ƙaramin ƙirji, idan ya bi lambar ƙirjinsa rigar za ta yi masa gajarta, idan ya bi tsawonsa kafaɗun za su zubo. Shi yana buƙatar a ƙara tsawon baya da hannu ba tare da an taɓa faɗi ba. Manomi ko mai haƙar zinare da aiki ya buɗe wa kafaɗa, ƙugunsa kuma a ɗame, matsalarsa a baya take, maganinta ninki. Ma'aikacin ofis da ƙugunsa ya kamo ƙirjinsa shi ne wanda yankan soja ya fi zalunta, domin saƙan ƙugun yakan haye saman tumbi ya tsaya; gabansa ne ke son ƙarin tsawo, ba bayansa ba. Mata ba sa cikin lissafin yankan tun asali. Sannan akwai abin da mai zane a Shikago bai taɓa tunani ba: a nan ana sa jaket ne a kan kaftani, wani lokaci a kan riga biyu, don haka hammatar da aka matse don siririyar rigar soja sai ta zama azaba.

Sojan Amurka da kansa ya gano kuskuren dogaro da matsakaicin mutum. A 1950 aka auna matuƙa jirgi sama da 4,000, wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma da suka fi muhimmanci ya duba mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a dukkansu. Daga cikin 4,063 bai sami ko ɗaya ba. Abin da ya biyo baya shi ne aka koma ƙera kujeru da madaurai masu matsawa gaba da baya. Idan mutanen da aka tace da sikeli da tef ba su shiga yanka ɗaya ba, balle jama'ar da ke cin kasuwar Gummi.

Akwai mai cewa duk wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjarsa na da nauyi. Sanyin bai wuce wata uku ba. Ɗan kabu-kabu ba zai bar jaket ɗin gwanjo mai araha ya sayi ta fatar gaske ba. Satar dabbobi da hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa garkuna da ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, mutumin da ke tunanin inda zai kwana ba ya tunanin zurfin hammata. Ba za a musa ko ɗaya ba. Amma kasuwar jaket ba ta tsaya a Adabka ba: akwai Jos, akwai Agadas da sanyin hamada, akwai Hausawan da ke zaune a Turai da Amurka waɗanda ke odar kilishi da huluna daga gida. Kuma ilimin yanka ba na jaket kaɗai ba ne, shi ne dai na takalmi da safar hannu da rigar ma'aikata. Sana'a ce da ba ta buƙatar gona ko garke, abin da ya sa ta dace da matashin da rikici ya koro cikin gari. Kwali, tef, almakashi da malami sun isa a fara.

Cibiyar nazarin fata ta ƙasa da ke Samaru a Zariya ta daɗe tana horar da masu jima da masu ƙera kayan fata. Abin da ya kamata a nema daga irinta, da kwalejojin fasaha na jihohin arewa maso yamma, shi ne aiki mai arha wanda ba ya ɗaukar ido: a auna mutane ɗaruruwa a tashoshi da kasuwanni, a tsaye da kuma a zaune hannu a miƙe, a fitar da yanka uku ko huɗu bisa siffofin da suka fi yawa, a buga su a raba wa dukawa da teloli kyauta. Kafin a taɓa fata a fara ɗinka gwaji da yadi mai kauri, mai saye ya sa, ya hau babur, a ga inda ta ja.

Wani ɓangare na aikin kuma yana farawa tun kafin jima. Fatar da wuƙar mai fiɗa ta yanke a tsakiyar baya ranar layya, ko wadda aka shanya a rana tsaka ta ƙone maimakon a inuwa, ta riga ta fita daga sahun fatun riga, sai dai a yi layu da kube da ita. Baduku mai yin jaka yana iya kauce wa tabo ya yanka a gefe. Mai yanka jaket yana neman falle mai faɗi marar aibi, kuma riga ɗaya fatu da dama take ci, waɗanda dole kaurinsu da launinsu su zo ɗaya. Idan har mai sayen fata a kasuwannin Anka da Gummi ya fara biyan ƙarin kuɗi a kan fatar da aka feɗe da hannu ba huda, mahauci zai rage gaggawa.