Ƴan kasuwa, mabuɗin shaidarku yana hannun wa?

Jama'a, yau daga kasuwar Ƙonni har zuwa ta Badagishiri ciniki ya koma cikin salula. Mai albasa a Galmi yakan ɗora buhu hamsin a mota bisa saƙon murya guda na WhatsApp, mai atamfa ta ba da bashi ba ta da wata shaida sai hoton rasit da aka turo mata. To, ranar da aka ci amana aka je gaban jandarma ko kotun Ƙonni, me za a nuna?

Da yawanmu muna zaton komai yana cikin wayar, alhali ba haka ba ne. Wayoyin zamani sukan kwafe hotuna da lambobi da hirarraki su aika wasu manyan kwamfutoci na kamfanoni irin su Google da ke ƙasashen waje, wato rumbun intanet da Turawa ke kira gajimare. Shi ya sa abin da macuci ya goge a wayarsa wani lokaci akan same shi a can, kuma wadda aka sace wa waya tana iya dawo da saƙonninta.

Sai dai fa zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasarmu tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, amma rumbun ba a Nijar yake ba. Mai bincike zai iya riƙe waya a hannu, amma abin da ke wajen kamfanin Amurka sai an bi ta takardun shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, abin da kan ci watanni. Tun 2016 kuma WhatsApp ya kulle saƙonni yadda shi kansa ba ya iya karanta su, don haka in babu waya babu kwafi, magana ta bi iska.

Hanya mafi kusa ita ce mai kaya ya buɗe rumbunsa da kansa, kuma a nan gizo ke saƙar. Iyayenmu mata nawa ne yaron shago ya buɗe musu asusun Google, ba su san sunansa ba balle lambar sirri? Wanda ya riƙe wannan lamba shi ya riƙe shaidarki, Hajiya, yana iya gani, yana iya gogewa. Ga shi tun 2023 Google ya sanar cewa yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba.

Shawararmu ita ce, kowa ya karɓi lambarsa ya canza ta, ya rubuta ya adana a gida. In rigima ta taso kada a goge komai, kada a sayar da wayar. Babban bashi kuwa a rubuta shi a takarda gaban shaidu, kamar yadda addini ya umarta tun kafin a san salula.

Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, amin.