Sharhi: Alƙaluman talauci a Jigawa da iyakar abin da suke iya faɗi game da Haɗejiya

Duk lokacin da muhawara ta tashi kan jihar da ta fi talauci a Nijeriya, akan koma ga rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2020. Rahoton ya ce kashi 87.73 cikin ɗari na mutanen Sakkwato na rayuwa ƙasa da Naira 137,430 a shekara, a Taraba kashi 87.72, a Jigawa kuwa kashi 87.02. Daga nan aka jera jihohin uku tamkar sakamakon jarrabawa. Sai dai alƙaluman ba su kai su ɗauki wannan nauyi ba.

Hukumar ba ta ƙirga kowane gida ba. Ta zaɓi gidaje kimanin 600 a kowace jiha tsakanin 2018 da 2019, kamar yadda ɗan kasuwar Haɗejiya ke soka buhun shinkafa ya duba abin da ya zubo a tafin hannunsa. Da wasu gidajen aka zaɓa, da adadin ya ɗan sauya. Shi ya sa masana ƙididdiga ke haɗa kowane adadi da abin da za a iya kira tazarar tabbaci, wato iyaka ta ƙasa da ta sama waɗanda ake kyautata zaton gaskiya na tsakaninsu.

A lissafi mafi sauƙi, gidaje 600 na ba da tazarar kusan maki uku kowane ɓangare, ma'ana adadin Jigawa na tsakanin kashi 84 da 90. Tazarar ma ta fi haka faɗi, domin gidajen an ɗebo su rukuni-rukuni ne, kuma maƙwabta kan yi kama da juna. Bambancin da ke tsakanin Jigawa da Sakkwato kuwa bai cika maki ɗaya ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne jihohin uku duk suna cikin matsanancin hali. Bai tantance wadda ta fi ba.

Akwai kuma kuskuren fahimta game da "tabbacin kashi 95" da ake liƙa wa tazarar. Ba yana nufin kashi 95 na gidaje ne ke cikinta ba. Ma'anarsa ita ce, da za a maimaita binciken sau ɗari da sababbin gidaje, kimanin 95 daga cikin tazarorin da za a samu za su ƙunshi adadin gaskiya, biyar kuma su kuskure. Tabbacin yana kan hanyar awon ne, kamar amincin da ake ba mudun da aka daɗe ana gwadawa.

Haɗarin ya fi girma idan aka ɗora adadin jiha kan yanki guda. Idan aka raba gidaje 600 ga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, kowace za ta samu kimanin 22, tazarar kuma ta buɗe zuwa wajen maki 14 kowane ɓangare. Da irin wannan awo ba za a iya bambance mai noman rani a fadamar Auyo da masunci a Guri ba, balle a raba tallafi tsakanin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya. Ƙari a kan haka, an kammala binciken kafin ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka cinye gonaki a bakin Kogin Haɗejiya, kuma babu tazarar da ke lissafa abin da ya faru bayan an rufe littafi.

Don haka ma'aikacin da ke tsara kasafi da ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari suna da tambayoyi uku kafin su jingina da kowane adadi: gidaje nawa aka tambaya, yaushe, kuma mene ne faɗin tazarar? Ya kamata hukumomi da jaridu su riƙa buga amsoshin tare da adadin.