Yanke Kebul: Tsimi ne ko Sauya Mai Karɓar Kuɗi?

Duk wanda ya zauna cikin magidanta a 'yan shekarun nan ba zai rasa jin kukan tsadar kuɗin talabijin na wata-wata ba. Da yawa sun naɗe waya, sun jefa dikoda ƙarƙashin gado, sun koma kallo ta intanet, suna murnar sun huta. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna cewa sauyin nan shi kaɗai ba ya rage wa kowa kashe kuɗi, sai fa ga wanda ya zauna ya yi lissafi, sa'an nan ya iya danne kwaɗayin idonsa.

Al'amarin nan a Amurka ya faro, inda gidaje suka daɗe suna biyan kamfanonin kebul kuɗin ɗaruruwan tashoshi alhali 'yan kaɗan suke kallo. A 2007 kamfanin Netflix, wanda a da aron fayafai yake bayarwa ta gidan waya, ya fara nuna finafinai ta intanet. Mutane suka ga araha, suka yi ta ficewa daga kebul, har ta kai a watan Mayu na 2025 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna kallo ta intanet ya zarce na kebul da na tashoshin eriya a haɗe. Amma fa arahar ba ta ɗore ba. YouTube TV da ya fara da dala 35 a wata a 2017 ya kai dala 82.99 a farkon 2025. Netflix kuma ya shigo da tsarin da ke ɗauke da talla a 2022, ya kuma tsananta hana aron lambar sirri a 2023. Daɗin daɗawa, da Disney ya buɗe nasa dandalin a 2019, wasu kuma suka bi sahu, sai shirye-shirye suka warwatsu, ya zamana mai son ganin kome tilas ya biya wurare uku ko huɗu. Watau an guji gara an faɗa gidan zago.

Mu a Nijeriya ta tauraron ɗan'adam da eriya tashoshin biya suka fi zuwa mana, amma ciwon ɗaya ne. Kamfanin MultiChoice mai DStv ya ɗaga kuɗin babban tsarinsa daga naira 29,500 zuwa 37,000 a watan Mayu na 2024, sa'an nan zuwa 44,500 a watan Maris na 2025. Wannan kuwa ya zo ne bayan cire tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, lokacin da buhun shinkafa ma ya gagari ma'aikaci. Ba abin mamaki ba ne magidanci ya duba ya ga kuɗin Netflix, wanda ya shigo ƙasar nan a 2016, bai kai ko rabin wancan ba, ya ce ai ga hanya.

To, a nan ne lissafin ke karkacewa. Ba'amurke mai yanke kebul galibi yana da intanet a gidansa tun da farko, wanda yake biya sau ɗaya a wata. Mu kuwa data muke saye, ana auna mana ita kamar gero a kasuwa. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da hoto matsakaici na cin kusan gigabayit 1, da hoto tangaran kuwa har 3. Alal misali, gidan da ke kallon awa 2 kowane dare zai ci gigabayit 60 a wata, ko 180 in ana son hoto mai kyau. Ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka kuɗin dandalin kallo kan kwalba ne kawai, jikinta data ce. Dikoda kuwa, kome aibinta, ko an wuni ana kallo kuɗinta ba ya ƙaruwa.

Na ga wannan a gidanmu. Da mahaifina ya daina biyan kuɗin wata, sai kowa ya koma kan wayarsa. Ƙannena uku kowanne na zuwa neman kuɗin data, yau ɗari biyar gobe dubu, ba wanda ke rubutawa. Da muka zauna muka tara a ƙarshen wata na biyu, sai muka tarar abin ya haura wanda aka gudu. Kuɗin da ke fita a dunƙule shi ke da zafi, amma mai fita kaɗan-kaɗan shi ke cinye aljihu ba a sani ba. Ban da wannan, zaman da akan yi bayan sallar isha'i ana kallon wasan kwaikwayo tare, iyaye na gyara wa yara ma'anar wata kalma ko karin magana, ya watse. A matsayina na ɗalibin Hausa, wannan hasarar ta fi damuna da ta kuɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka kariya nake wa kamfanonin tauraron ɗan'adam. Masu goyon bayan yankewa suna da hujja mai ƙarfi: babu adalci a tilasta wa mutum biyan tashoshi ɗari don yana son biyar, ga kuma kwanakinsa na ƙonewa ko da wuta ko babu. Bugu da ƙari, intanet ya yi wa harshenmu rana. Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So sun isa ga Hausawan Ghana da Kamaru da Sudan ta YouTube. Wannan riba ce da ba mai musunta.

Shawarata ita ce, kafin a yanke, a rubuta abin da gida ke kallo na tsawon mako guda. In ƙwallon Turai ne, wanda har yanzu tashoshin biya suka fi riƙe shi, gidan kallo na unguwa ya fi sauƙi. In labarai ne, rediyo da tashoshin kyauta sun wadatar. Wanda ya koma intanet ya riƙe dandali ɗaya a lokaci guda, ya rage ƙarfin hoto, ya sayi data ɗaya ta gida wadda kowa zai hau, a kuma jona ta a akwatin talabijin domin a ci gaba da kallo tare. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wanda bai auna kallonsa da aljihunsa ba, ko ina ya koma zai tarar da mai karɓa na jiransa. Allah ya sa mu gane.